Yadda na yi ta gwaji kafin na tsaya kan manhajar HDR guda ɗaya

Ni fa ba sha'awa ce ta kai ni HDR ba, wato haɗa hotunan wuri ɗaya masu haske daban-daban su zama hoto guda, aiki ne. Wani dillalin gidaje ya kira ni in ɗauki falon gidan da zai saka haya, wajen ƙarfe ɗaya na rana. In na saita kyamara ga cikin ɗaki sai taga ta yi fari fat kamar an manna takarda, in kuma na saita ga taga sai darbejiyar waje ta fito tas amma kujeru su koma baƙi ƙirin. Ido yana ganin duka biyun a tare, kyamara ba ta iyawa a ɗauka ɗaya.

Maganin dai shi ne a ɗauki hoto uku a wuri ɗaya, mai duhu, matsakaici da mai haske, wato -2, 0 da +2, sannan a haɗe su a kwamfuta. Canon 600D ɗina tana yi da kanta, AEB ake ce masa. Masu ƙananan Nikon irin D3300 ko D3500 babu shi a ciki, sai dai su riƙa canza gudun shata da hannu. Ɗaukan bai ba ni wahala ba, wajen haɗawa ne aka yi ta fama.

Na fara da Luminance HDR tunda kyauta ce kuma aljihu ba nauyi. Tana aiki, amma tana buɗewa sai ga sunaye, Mantiuk, Fattal, Reinhard, Drago, kowanne da tasa hanyar matse hasken ya shiga allo, ni kuma ban san komai ba na kama Fattal na ja shi har ƙarshe saboda na ga komai ya fito raɗau. Bangon da aka yi wa sabon fenti ya dawo kamar bangon kicin da hayaƙi ya ci, ga wani farin zobe ya zagaye taga. Da na tura sai mutumin ya ce, Malam ai gidan ba haka yake ba, wanda ya zo dubawa zai ce mun yaudare shi. Maganar ta tsaya min a rai sosai don gaskiya ya faɗa, kuma laifin hannuna ne ba na manhaja ba.

Lightroom na gwada a situdiyon wani abokina. Tun 2015 suka saka haɗa HDR a ciki, ka zaɓi hotunan ka danna, ta daidaita su ta ba ka fayil ɗin DNG guda, kuma hoton yana fitowa kamar yadda ido ya gani ba ƙari. Wallahi ta burge ni, sai dai biyanta duk wata ne kuma da dala, ni da aikin yake zuwa jefi-jefi ba zan iya ba. Darktable ma kyauta ce tana haɗawa, amma ba ta daidaita hotuna in hannu ya motsa, dole sai da sitan mai ƙafa uku.

A ƙarshe kan Photomatix Pro ta kamfanin HDRsoft na tsaya. Gwajinta ba ya ƙarewa, tambari kawai take bugawa a kan hoton, don haka na yi sati biyu ina zuba mata hotunana kafin na cire ko sisi, kuma sau ɗaya ake biya. Abin da ya saye ni labule ne. Ranar na manta fanka a kunne, labulen ya fito uku-uku kamar inuwa, to a nan za ka zagaye wurin da linzami ka ce mata ta ɗauko shi daga hoto ɗaya kawai, shi ke nan ya tsaya cak. Sannan na bar salonta masu ƙyalƙyali na koma wanda ake kira Fusion, shi ya fi kama da gaskiya a cikin ɗaki.

Yanzu kafin in taɓa kwamfuta nakan kashe fanka, in ɗora kyamara a sitan, in sa ta a Av, wato ni ke tsayar da buɗin lens, kan f/8 da ISO 100 don gudun shata kaɗai ya riƙa canzawa, in ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, in sa taima ta daƙiƙa 2 ta harba ukun da kanta ban taɓa ta ba. Ran da hazo ya rufe rana ma RAW ɗaya yakan ishe ni. Falon nan sai da na koma na sake ɗauka da la'asar, darbejiya ta fito koriya a taga, kujerun ma da ruwan ƙasarsu, dillalin ya saka a Facebook a daren.