Ƙarar inji da safe: abin da na gano a filtar baƙin mai

Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda ake kira EOD, mai silinda huɗu. Idan ta kwana aka tada ta da safe, sai inji ya yi kwarakwaram na daƙiƙa biyu zuwa uku, sannan ya lafa. Da rana kuwa, ko sau nawa aka kashe aka kunna, shiru. Mai motar ya ce abin ya soma ne bayan sabis na ƙarshe, kuma wannan maganar ce ta sa hankalina ya tafi kan filta.

Na fara da geji, sandar duba yawan mai. Baƙin mai yana kan layi, bai yi ruwa ba, ba ya warin fetur. Sai na bar motar ta kwana a gareji, domin irin wannan ƙara ba a gane ta a inji mai zafi. Da safe na sa yaro ya murza makulli, ni kuma idona na kan jar fitilar mai. Ta ɗan jima a kunne, tana mutuwa ƙarar ta ɗauke. Wato sai da mai ya hau sama ƙarafa suka daina bugun juna.

A wannan injin filtar tana kwance ne a bayansa. Idan ka leƙa ƙananan ramukan da ke zagaye da bakinta za ka ga wata roba. Aikinta ta bar mai ya shiga, idan an kashe inji ta rufe don kada ya koma ƙasa. In ta bushe ko ba ta zauna daidai ba, cikin dare mai zai zurare. Da safe dole famfo ya sake cika filta kafin kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul a saman inji) da abin da ke ɗaure sarƙar taimin su samu, kuma a ɗan tsakanin nan ƙarfe ke cin ƙarfe.

Washegari, ba tare da na tada motar ba, na kwance filtar. Sakayau na ji ta, ɗan mai kaɗan ya zubo. Da na yanka gwangwanin, robar ta yi tauri, gefenta ya lanƙwashe, takardar ciki kuma ba ta da yawa. Jabu ce, duk da tambarin da ke jikin kwalinta. Na baje takardar a rana ina neman ƙyallin garin ƙarfe, ban gani ba, hankalina ya kwanta game da metal, wato faifan ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansu a ƙasan inji.

Kafin ɗaura sabuwa ta asali, na tabbatar robar zagayen bakin tsohuwar filtar ba ta manne a jikin inji ba, don roba biyu a wuri ɗaya suna iya zubar da mai gaba ɗaya a kan hanya. Na shafa mai a robar bakin sabuwar filtar, na murɗa da hannu har ta taɓa, na ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Injin yana cin kusan lita 4.2 idan har da filta. An zuba masa 20W-50 a baya, mai kaurin da ke jinkirin hawa a sanyin hunturu, sai na mayar da shi kan mara kauri kamar yadda littafin motar ya nuna. Da ta sake kwana, fitila ta mutu nan take, ƙara babu.

Ba kowace ƙarar safe ce laifin filta ba. Idan fitila tana mutuwa da wuri amma ana jin gurza ta daƙiƙa ɗaya ko biyu daga ɓangaren sarƙa, a duba giyar VTC da ke kan kamshaf, mai sauya lokacin buɗewar bawul. Idan bugun mai nauyi ne daga ƙasa, yana nan ko inji ya yi zafi, fitila kuma tana ƙyaftawa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, a kashe motar a ɗaura agogon awon ƙarfin mai. A inji mai zafi bai kamata ya gaza 10 psi (ma'aunin da ke kan agogon) a silo ba, ko 44 psi a juyi 3,000 a minti. Ƙasa da haka, sai a sauke tukunyar mai a duba rariyar famfo da metal.