La'ada daga gefe biyu

Ɗazu a shagon abokina a Tudun Wada ya nuna mini takardar kuɗin da wani gidan gwanjo na Amurka ya turo masa. Shafi ɗaya ya saya, asalin zanen hannu na littafin labari mai zane, har da tabon tawada da alamar fensir a gefe. An sallama masa a kan dala 400, sai ga dala 480 a takarda, kashi 20 cikin 100 la'adar mai saye, ban da kuɗin aikowa zuwa Kaduna. Shi ma mai sayarwa za a cire masa nasa kason kafin kuɗi su shiga hannunsa. Dillalin Kasuwar Barci ma yakan ci gefe biyu, amma ba haka ba wallahi.

Na tuna shafin Spider-Man da aka sayar a 2022 kan dala miliyan 3.36, dala 560,000 daga ciki la'ada ce kawai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai zanen. A Amurka, in ya riga ya sayar da shafinsa, ko sisi ba ya samu idan aka sake sayarwa.