Landan zuwa Amsterdam: minti 45 a sama, sauran duk a ƙasa

Tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da Schiphol na Amsterdam kilomita 370 ne ko ɗan sama da haka, kusan tazarar Kano da Abuja ke nan ta sama. Da zan je taro a Holan, tikitina ya nuna tashi da goma na safe, sauka sha biyu da minti ashirin. Mai ganin wannan sai ya ce awa biyu da wani abu ne. Awa guda a ciki ta agogo ce kawai, domin Holan na gaban Ingila da awa ɗaya, rani da damina. A dawowa kuwa lissafin juyewa yake yi, takarda ta nuna kamar minti ashirin za ka yi a hanya.

Tafiyar saman ita kanta ba ta da wani labari. Muka ɗaga, muka ratsa teku, ana raba ruwa da biskit, kafin na gama nawa har an ce a ɗaure bel. Minti 45 zuwa 50 ne, ba ta wuce nan.

Ƙasa ce ke cinye lokacin. Daga tsakiyar Landan na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly, wanda kan kai kusan awa kafin ya isa Heathrow. Sai awa biyun da ake so mutum ya riga jirgi isa, saboda ajiye kaya da bincike. Da muka sauka kuma, a titin saukar jirage na Polderbaan aka sauke mu, wanda aka buɗe a 2003, can nesa da ginin fasinja don a rage wa unguwanni ƙarar jirage. Jirgin ya yi ta gungurawa kusan kwata, har ya haye gada motoci na wucewa ta ƙarƙashinmu. Wani dattijo a gefena tuni ya kwance bel ya rungume jakarsa, sai da ya gaji ya mayar.

Bayan nan ga layin duba fasfo. Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, don haka bizar Ingila ba ta shigar da mai koren fasfo Holan. Tata daban ake nema tun kafin tafiya. Sauƙin Schiphol guda ne: tashar jirgin ƙasa na ƙarƙashin ginin, kuma cikin minti 20 ka isa tsakiyar gari. Da na haɗa lissafi daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki, sai da awa biyar ta tafi.

Shi ya sa na dawo ta jirgin ƙasa na Eurostar, wanda ya fara zuwa Amsterdam daga Landan a 2018. Awa huɗu da 'yan kai ne, ta Rotterdam da Brussels, sannan ya bi ramin ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 50 ya fito Ingila. A nan ma ana duba fasfo, kuma kuɗin tikitin kan fi na sama idan ba a saya da wuri ba. Amma a tashar St Pancras ya ajiye ni, cikin garin Landan, jakata na kusa da ni tun daga farko. Heathrow na fi bari sai ranar da zan sauya jirgi zuwa gida.