Matoshin Kwalba Ya Cinye Min Yini Guda

Talata, Aboabo, Kumasi

Ko kokon safe ban ƙarasa sha ba wayar Hajiya ta shigo daga unguwar Nima a Accra. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi jikin Inna, sai ta ɗan yi shiru. Na san irin wannan shirun. "'Yata, kaya sun iso, amma ki leƙa WhatsApp." Na leƙa. Kwalin da na ɗora a mota jiya da hantsi ya jiƙe sharkaf daga ƙasa, kiyashi sun ja layi tun daga bakin ƙofarta har gindinsa. Cikin kwalaben zuma 24, bakwai sun yi yoyo, biyu kuma matoshinsu ya fice gaba ɗaya. Zumar nan ta rabon biki ce, ran Asabar za a ɗaura wa jikarta aure.

Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, kafin Juma'a wasu za su iso in sha Allahu." Ta ce ba komai, tsautsayi ne. Da ta yi min faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Da farko direba na ɗora wa laifi. Har na fara shirya abin da zan je in faɗa masa a tasha: tafiyar kilomita wajen 250 ce, ta Nkawkaw da Suhum da Nsawam, an cusa kwalina a ƙarƙashin buhunan doya, me ake jira? Ina cikin mita sai Auta ya fito da jakarsa zai tafi jami'ar KNUST. Ya karɓi wayar, ya ja hoton ya ƙara masa girma, ya ce, "Yaya, kwalba ko ɗaya ba ta fashe ba fa. Direban ya buɗe su ne ya sha?" Na harare shi. Amma maganar ta zauna min a wuya, don gaskiyarsa ce. Ya ce in ajiye masa sauran kwalaben da matosan, darasinsa ɗaya ne yau, zai dawo kafin azahar.

Ni dai shekara uku ina sayar da zuma a robar da ake murɗa wa murfi, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Kwalbar gilashi da matoshin kok ɗin nan, wanda ake yi da ɓawon wani itace, ƙyale-ƙyale ne ya ja ni. Na gani a Instagram, an ɗaura mata ɗan zare a wuya, na ce ai ga abin rabon biki. Kwalaben na tsinto su wuri uku a kasuwar Kejetia, wanda duk ya yi min kyau a ido sai in saya, ban da waɗanda aka taɓa zuba barasa a ciki, waɗannan ko kyauta ba na so. Matosan kuma a wani shagon kayan ado na same su, a leda, ɗari a dunƙule, da arha har na yi ta murna. Araha ba ta ado, an faɗa tun ba yau ba.

Auta ya dawo da wani ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ya aro, wai kalifa. Daidai lokacin Kawu ya shigo gaida Inna, ya ji sunan, ya ce, "Halifan wa kuma?" Muka yi dariya, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, shi ke nan ya zama alƙalin zaman.

Abin da ma'aunin nan ya nuna min ya ba ni kunya. Kwalaben da nake rantsuwa duk ɗaya ne, bakinsu kashi uku ne: wasu milimita 17 da rabi, wasu 18 da rabi, wasu sun kusa 20. Matoshin kuwa iri ɗaya na danna wa kowacce, mai tsini daga ƙasa mai faɗi daga sama. A masu ƙaramin baki rabinsa kaɗai ya shiga, a masu faɗi ya lume har ƙarshe yana rawa. Auta ya shafa wa wani matoshi alli, ya danna shi a kwalba ya murza ya zaro. Wurin da allin ya goge siririn zobe ne kawai, bai fi kaurin zaren ɗinki uku ba. Ashe nan ne kaɗai matoshin yake taɓa gilashi. Wannan siririn zoben na bar wa amanar zumar Hajiya daga Kumasi zuwa Accra.

Daga nan ya ɗauko reza ya raba ɗaya biyu. Ban taɓa kallon cikinsa ba. Ashe ba guntun ɓawo ba ne guda, ɓarɓashi ne aka kwaɓa da gam aka matse, kamar dakakkiyar gyaɗa da aka dunƙula. Na sa farce na ɗan kankara, sai ga shi yana zubowa. Ya ce irin wannan ma akwai mai kyau wanda aka yi don abinci, amma nawa na masu yin ado ne, ba a shafa masa komai ba. Na kirki ana shafa masa ɗan kaki da silikon don ya shiga da santsi ya kuma toshe ƙofofin jikinsa.

Akwai guda ɗaya na asali a gidan, a bakin tsohuwar kwalbar man zaitun da aka kawo wa Inna tsaraba. Shi muka yi ta jujjuyawa. A jikinsa akwai wasu baƙaƙen ƙofofi 'yan mitsi-mitsi, ta nan itacen yake numfashi. Auta ya ce in lura da inda suka dosa: a kwance suke, daga wannan gefe zuwa wancan, babu wadda ta bi tsawonsa daga ƙasa zuwa sama. Da gangan ake yanka shi haka. Da a tsaye ƙofofin suke, da sun zama bututu, abin da ke cikin kwalba ya bi su ya fito. Wannan ya burge ni ƙwarai, don irin dabarar mahauci ce da ya san ta inda zai bi da wuƙa.

Na matse shi da yatsa biyu. Ya lotsa, amma bai kumburo ta gefe ba yadda roba ko ƙosai suke yi, da na saki kuma ya dawo a hankali. Dalili, in ji Auta, cikinsa duk ɗakuna ne na iska, wajen miliyan 40 a guntun da bai wuce santimita ɗaya ta kowane gefe ba, bangonsu kuma yana da wani abu mai kama da kaki da ba ya barin ruwa ya ratsa. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya fara hango su a madubin ƙara girma, ya wallafa a 1665, har ya ce sun yi masa kama da saƙar zuma. Na ce to, ashe 'yan gida ɗaya ne da kayana, ni ce dai ban iya haɗa zumuncin ba.

Kawu ya tambayi wane itace ne, ko akwai shi a dajin Asante. Babu. A ƙasashen yankin tekun Bahar Rum yake: Fotugal, Sifen, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, kuma Fotugal kaɗai tana fitar da kusan rabin na duniya. Ba a sare itacen, ɓawon ake ɓarewa da gatari, da hannu, a lokacin zafinsu. Sai ya yi shekara kamar 25 ake masa ɓarar farko, daga nan kuma duk bayan shekara 9, har ma a rubuta lambar shekarar da fenti a jikinsa don kada a yi masa gaggawa. Ɓara ta ɗaya da ta biyu ba sa yin matoshi mai kyau, sai ta uku, itacen ya haura arba'in ke nan. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Wanda ya dasa ba shi zai ci ba. Kamar dabino." Ya daɗe bai ce komai ba bayan nan. Na san gonar koko ɗinsa ta Ahafo da aka sayar yake tunawa, ban tanka ba.

Da ya dawo cikin hirar sai ya shiga ba mu labarin dā. Wai suna yara, murfin ƙarfe na kwalbar lemo akwai ɗan faifan kok a cikinsa, su kan ɓanɓaro shi da ƙusa, su sa murfin a wajen riga faifan a ciki su danna, ya zama lambar soja. Kakarsa kuma da totuwar masara take toshe kwalbar man gyaɗa, ta naɗa mata tsumma mai tsabta. Kakansa bafataken goro ne ta hanyar Salaga zuwa Kano, ya ce duk hikimar huhun goro ita ce ganye ya riƙe masa danshi kada ya bushe a hanya. "Ke kuwa naki akasin haka ne, ɗiyata. Shi yana tsare ruwa kada ya fita, ke kina tsare shi kada ya shiga."

Bai yi boko ba, amma ya bugi ƙashin maganar. Zuma tana shan danshin iska, Kumasi kuwa a wannan damina ko gishiri narkewa yake a kwano. Ƙa'idar duniya ita ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. In ya yi yawa sai ta fara tsami tana kumfa, iskar da take fitarwa ta turo matoshi. Na buga wa Hajiya na ce a sansana min biyun nan da suka buɗe. Aka ce akwai ɗan tsami, da kumfa a sama. Daga jarkar ƙarshe na zuba su, wadda na bari a buɗe kwana biyu ina tacewa. Ko da matoshin zinariya na sa musu da sun turo shi.

Sauran laifukan nawa na ƙirga su da kaina, ba sai an faɗa min ba. Na cika kwalaben fal har wuya don kada a ce na yi ƙwange, ban bar wa zuma wurin buɗewa ba in ta ji zafin mota. Mazurarin ya shafa zuma a cikin wuyan kwalba ban goge ba, na danna matoshi a kai, na yi mata hanya da hannuna. Ina gama toshewa kuma na kwantar da su a kwali, alhali ana barinsu a tsaye ne kwana guda matoshin ya gama buɗewa ya kama gilashi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na bilic. Don tsabar son tsabta na jiƙa matosan a ruwan bilic na shanya. Auta ya riƙe kai. Ya ce in fumfuna ta haɗu da sinadarin kulorin da ke cikin bilic a jikin kok, suna haifar da wani abu da ake kira TCA, mai warin ɗakin da ya sha rima aka kulle, kuma hanci na jin sa ko da 'yan nanogiram ne a lita guda, wato ɗan mitsil ƙwarai. Masu yin giyar inabi a Turai sun sha asara a kansa, shi ya sa masu yin matoshi suka bar wanke shi da kulorin. Kawu ya yi tsaki da ya ji an ambaci giya. Ni kuwa na ce abin da ya hana tasu zubewa shi zai hana zumata, halaliyata. Na buɗe ledar sauran matosan na cusa hanci. Ba zan rantse na ji warin ba, amma zuciyata ta riga ta fita daga kansu. Sun tafi bola.

Bayan la'asar na hau trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa Adum, na yi ta shiga shaguna da kalifan Auta a jaka. Wata mai shago ta ga ina auna bakin kwalba ta ce ko daga hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA nake. A shago na huɗu na samu kwalabe sababbi iri ɗaya, bakinsu 18 da rabi, da matoshi mai kan katako wanda ake dannawa da hannu, kaurinsa 19 da rabi, miƙaƙƙe ba mai tsini ba. Milimita ɗayan nan da ya fi bakin kwalba ita ce duk aikin. Na kwalbar inabi yakan kai 24 a baki irin wannan, amma shi sai da injin da zai matse shi ya tura, kuma sai da abin murɗawa ake ciro shi, wa zai ba 'yan biki wannan wahala? Kuɗin ya ninka na farkon sau uku. Na biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ina jin zafinsa har cikin haƙori.

Ra'ayina dai bai canja ba: in don tsaro ne zalla, murfin murɗawa ya fi wa zuma, ba ma ga mai faɗin baki da cokali zai shiga. Amma Hajiya ta riga ta nuna wa ƙawayenta hoton mai matoshi.

Da magariba muka yi gwaji. Na dafa kwalabe shida, na bar su suka bushe ƙarau. Uku na zuba musu ruwan sobolo don in ya yi naso a gani, uku zuma daga sabuwar jarka, kowacce na bar mata sararin yatsa biyu, na goge wuyan da tsumma mai tsabta. Na narkar da kakin zuma a gwangwanin madara a cikin ruwan zafi, na tsoma kan guda uku a ciki har ya rufe inda katako ya haɗu da gilashi. Ta farko na bar ta ta daɗe, kakin ya dunƙule kamar rawanin da aka naɗa da gaggawa. Ta biyu na tsoma na ɗaga nan take ina juyawa, ta fito sumul. Ƙamshin kakin ya cika tsakar gida har Inna ta leƙo tana tambayar me ake toyawa.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, ruwa ya fara yayyafi a kan kwano. Kwalaben shida suna tsaye a kan tebur, na sa ƙafafunsa a gwangwanayen ruwa saboda kiyashi. Gobe war haka zan kwantar da su a kan farin ƙyalle, jibi da safe in sa su a rana awa biyu, Auta ya ce zai ɗora su a bayan babur ya zaga da su ta Asawase inda hanya ta fi gargada. In ƙyallen ya fita fari, ran Alhamis da yamma zan cika guda tara in ƙara uku na ban-haƙuri. Wannan karon a tsaye zan jera su, da kwali tsakanin kowacce, kuma ni da kaina zan riƙe su a cinya har tashar Circle a Accra.