Wasiƙar Irmiya Ta Same Ni a Bradford

Bizar aikin kula da tsofaffi ce ta kawo ni Ingila. A watan Fabrairun 2022 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wannan ƙofa saboda ƙarancin ma'aikata bayan korona, mu kuwa 'yan Nijeriya muka yi ta kwarara. Malamar firamare ce ni a Mubi, na saba da alli da hayaniyar yara, amma kafin shekarar ta ƙare ga ni a Bradford ina bin gida-gida: in yi wa tsoho wanka, in ba shi magani, in ɗumama masa abinci, in rubuta a waya abin da na yi, in ruga tashar bas don gida na gaba. Maigida da yaranmu biyu sun biyo ni daga baya, Allah kuma ya sa suka shigo kafin Maris na 2024, lokacin da aka hana masu irin bizata kawo iyali. Akwai matan da na sani da suka zo bayan haka, har yau ta waya suke ganin girman 'ya'yansu.

Labarin sanyi na sha shi tun a gida, na zo da shirina. Duhu ne ba wanda ya gaya mini. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, gari kuma ba ya wayewa sai bayan takwas. Ɗakin da na fara kamawa a unguwar Manningham yana can saman bene, bangonsa na tsattsafo da danshi, hita kuma na shan kuɗi har sai na riƙa kwana da rigar sanyi biyu. Kamfanin da ya tsaya mini ya yi alkawarin cikakken aiki, amma wani makon rabi ake ba ni, kuma ba halin ɗaga murya, don bizar a hannunsu take. In suka sallame ka, ko gwamnati ta ƙwace lasisinsu, kwana 60 ake ba ka ka nemo wani kamfanin ko ka haɗa kayanka. Ga bashin dillalin da ya yi mini hanya yana jira a gida, bayan filin da muka sayar.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ƙarfina shi ne, da na samu kaina ni kaɗai a ɗaki shiru, sai shekarar 2014 ta dawo mini ɗanya.

Mu 'yan EYN ne, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka kafa a Garkida a 1923. Tun muna yara ake koya mana cewa mu ekklesiyar salama ce, ba ma rama mugunta. A watan Satumban 2014 Boko Haram suka kama Michika, dangi suka gudo wurinmu a Mubi, muna ta ba su haƙuri. Ranar 29 ga Oktoba suka shigo Mubin, ranar kuma suka mamaye hedkwatar ekklesiyarmu a Kwarhi. Tukunya na kan wuta muka fita. Muka bi ta duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru, ni da mahaifiyata da jaririna a baya, daga can muka zagayo Yola, inda cocin Katolika na St. Theresa ya buɗe harabarsa ga dubban mutane ba tare da tambayar ɗarikar kowa ba. Ƙanena ya ce mu yi gaba, zai koma ya ɗauko wata tsohuwar maƙwabciyarmu da ba ta iya tafiya. Ba mu sake ganinsa ba. Babu gawa, babu kabari, babu wanda ya ce ya gan shi a wuri kaza.

A gida ban samu sararin tambaya ba. Ana komawa Mubi aka shiga gyaran rufi, neman abinci, jana'iza, kuma kowa ka duba nasa rashin ya kai naka ko ya fi. Sai a Bradford, inda ba harbi ba gudu, na fara tambayar Allah gatsau: yaron nan alheri ya koma yi, kana gani, me ya hana ka tsare shi?

Amsoshin da ake bayarwa na san su duka, don ni ma a Zumuntar Mata na girma. Wasu su ce zunubi ne ya jawo mana. Yesu da kansa ya rufe wannan bakin: da aka tambaye shi ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne, mutum 18 ɗin da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa kuma ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Wasu su ce gwaji ne don bangaskiya ta ƙaru. Akwai gaskiya a ciki, amma mai wahalar ne ya kamata ya faɗe ta da bakinsa bayan ya fita, ba ta dace da bakin mai kallo ba. Na taɓa zuwa wata babbar majami'ar 'yan Nijeriya a nan, kiɗa mai daɗi, mutane masu kirki, aka yi ta shelar cewa wahala ba rabonmu ba ce. Na zauna ina tunanin mahaifiyata, wadda ba ta taɓa fashin addu'ar asuba ba. To ita wa ya raba mata?

Wani ɓangaren tambayar na warware shi da kaina. Mutane ne suka ɗauki bindiga suka shigo Mubi, mutane ne suka bar garin ba tsaro, mutum ne ke sayar wa talaka takardar aikin da babu shi. Allah ya ba ɗan Adam 'yancin zaɓi, kuma ba na so a riƙa fakewa da "haka Allah ya so" ana wanke masu laifi. Sai dai aikina ya kai ni inda babu wanda za a kama.

Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa da safe, tsohon ma'aikacin masaƙar ulu, daga zamanin da Bradford ke tinƙaho da ulu a duniya. Ciwon mantuwa ya cinye shi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, amma kullum in na shiga sai ya tambaye ni ko ta dawo daga kanti. A horon aiki an gargaɗe mu kada mu riƙa maimaita masa cewa ta mutu, don duk sanda ya ji, sabon mutuwa ce a wurinsa. Sai in ce, "Baba, ba ni labarinta," ina jiƙa tawul da ruwan ɗumi. Ya fara ba ni labarin ranar da ya fara ganinta a gidan rawa, ina goge masa baya, fatar duk ta saki, ƙasusuwan kafaɗa a waje. Wani lokaci a tsakiyar labarin sai ya tsaya, ya dubi hoton da ke kan talabijin, ya gane da kansa. Ya riƙe hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya yi ta kuka. Kafin in gama haɗa masa shayi ya manta, ya sake tambaya.

'Yarsa ta ga ƙaramin gicciyen da ke wuyana wata rana, ta ce, ba da raini ba, "Har yanzu kina gaskata akwai wani a sama yana kallon wannan?" Na ce mata ina gaskatawa, kuma ni ma ina da ƙara a gabansa. Ta yi dariya, muka ci gaba da canza zanen gado.

Majami'ar da na zauna a ciki daga ƙarshe ƙaramar ta Methodist ce kusa da gida, ginin baƙin dutse da aka yi don ɗaruruwa, yanzu kuwa kujerun gaba kaɗai ke cika, yawanci masu furfura. Ba ganga, ba rawa wajen baiko, awa ɗaya an tashi, sai shayi da biskit. Da farko kusanci ne kawai ya kai ni, don bas ɗin Lahadi ba shi da tabbas.

Ina nan mahaifiyata ta rasu. Kuɗin jirgi zuwa Abuja, daga nan Yola, ga mota zuwa Mubi, ga hutun da ba za a biya ni ba. Lissafin bai fita ba. A WhatsApp na halarci jana'izar uwata. Wani ɗan'uwa ya ɗaga waya sama, ina ganin matan zumunta cikin zanensu iri ɗaya suna waƙa daga Littafin Waƙoƙi, hoton na tsayawa yana tafiya, daidai za a sauke akwatin layi ya yanke. Da ya dawo har an fara zuba ƙasa.

A gida da tsakar gida ta cika, tabarmi har waje, mata na girki, ba a barin ka kai kaɗai ko na minti ɗaya. A nan kati ake turowa ta ramin ƙofa. Wani ɗalibi Bakano, Musulmi, wanda shi ne na fara jin Hausa a bakinsa cikin bas, ya zo da dabino ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Anti, ya haƙuri? Allah ya ba da dangana." Ya tafi na yi ta kuka saboda gaisuwar kawai. Sannan wata dattijuwa daga majami'armu, wadda nake kira Mama (abin na ba ta dariya da farko), ta hau bas da sandarta ta zo da miyarsu marar yaji a kwano. Ba ta san zaman makoki irin namu ba, amma shi ta yi. Ta zauna a kujera da saƙarta a hannu, ba wa'azi, ba aya, yamma bayan yamma. Rannan na ce mata, "Mama, ina jin haushin Allah." Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ɗiyata, ɗana ya mutu yana saurayi. Na yi shekaru ina fushi da Allah, kuma kowace Lahadi sai na je na gaya masa."

Ban taɓa jin mai bi ya yi magana haka ba. Na koma Littafi Mai Tsarki na tarar ashe cike yake da irinta. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai zaune da shi shiru, sai da suka buɗe baki suna kare Allah suka ɓata, a ƙarshe kuma su Allah ya tsawata wa, ya ce Ayuba mai ƙorafin ne ya faɗi daidai game da shi. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba a ɗaura mata farin ƙarshe ba, kuma aka bar ta a littafin waƙoƙin jama'ar Allah. A kan gicciye Yesu ma tambaya ya yi, don me aka yashe shi. A nan begena ya tsaya. Wanda nake kai wa ƙara ya taɓa zama ɗan gudun hijira a Masar a goye, ya yi hawaye a kabarin abokinsa, an kashe shi yana cikin yin alheri, kamar ƙanena. Kuma ya tashi. In tashinsa gaskiya ne, to inda ƙanena yake kwance ba ɓoyayye ba ne a wurinsa, tsohon masaƙin nan kuma akwai ranar da hankalinsa zai dawo masa cif. Dalilin da ya sa aka bi ta wannan hanyar ba a buɗe mini ba, na kuma daina yarda da duk wanda ya ce shi an buɗe masa.

Wasiƙar annabi Irmiya kuwa, wadda ke sura ta 29 ta littafinsa, a nazarin Littafi na ranar Laraba ta same ni. Aya ta 11, mai maganar shirin alheri da bege, kowa ya san ta. Ita muke ɗorawa a waya ranar da biza ta fito. Ban taɓa lura da waɗanda aka rubuta wa ba. Kamammu ne da aka kwashe zuwa Babila tare da sarki Yekoniya, sun rasa gida da dangi. Wani annabi, Hananiya, yana ta shelar cewa cikin shekara biyu komai zai dawo daidai. Irmiya ya aika musu cewa shekara 70 ce, wato yawancin masu sauraron wasiƙar a can za a binne su. Abin da aka ce su yi kafin nan shi ne su gina gidaje, su dasa lambuna su ci amfaninsu, su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Ni dai ba kamo ni aka yi ba, da ƙafata na hau jirgi, Bradford kuma ba ta ƙone mini gari ba. Amma na gane kaina a cikin masu zama da jaka a ɗaure, jiki a nan, rai a wani wuri, suna jiran a ba su bayani kafin su fara rayuwa.

Na kwance jakar. Na sauya kamfani da ƙyar, bayan dogon nema. Ranar Asabar in ba ni da aiki ina taimakawa a wurin rabon abinci na majami'armu, inda na ga Turawa 'yan ƙasa na layin gwangwanin wake, abin da da an gaya mini a Mubi zan ce ƙarya ne. Sau ɗaya a wata mu masu jin Hausa daga Leeds, Manchester da sauran garuruwa muna haɗuwa ta Zoom mu yi sujada. Muryoyin ba sa taɓa haɗuwa daidai saboda intanet, amma muna rerawa haka nan. Yarana Turancinsu ya koma na Yorkshire, yankin da Bradford take, ni ma wani lokaci sai na ce su maimaita.

A 2025 gwamnati ta rufe ɗauko masu irin aikina daga waje, ta kuma fito da shawarar ƙara shekarun da mutum zai yi kafin ya samu takardar zama na dindindin. Duk inda muka haɗu zancen ke nan, kowa da lissafinsa. Da na kawo wa maigida maganar ina ta ƙorafi, ya ce, "Maman yara, ko nawa suka mayar da ita, ai ci za mu yi kafin nan." Washegari ya je ya sa sunanmu a jerin masu neman ɗan filin lambu da hukumar gari ke bayarwa haya. An ce masa layin na da tsawo. Shi dai har ya aika a nemo masa irin alayyafo da yakuwa, ko da yake na gaya masa yakuwa ba za ta yi a sanyin nan ba.