Saƙon Godiya Bayan Ƙaddamar da Shafin Ƙungiyar Iyayen Masu Amosanin Jini

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana ranar Alhamis 19 ga watan Yunin 2025, ranar da duniya ta ware domin tunawa da masu fama da amosanin jini, wato sikila, kuma ranar da muka miƙa wa wata ƙungiyar iyayen masu wannan lalura a nan Kano shafin intanet da manhajar da muka shafe wata goma muna gina mata. A wurin taron an ba ni dama in yi jawabi a madadin abokan aikina su biyar, amma da na miƙe na ga fuskokin iyayen da ke zaune a gaba, sai harshena ya yi nauyi, na ce Allah ya saka da alheri, na zauna. Abin da na kasa faɗa a ranar shi ne nake rubutawa yanzu.

Kafin in ambaci waɗanda muke yi wa godiya, ya kamata in faɗi halin da wannan aiki ya same mu a ciki, domin sai da shi za a fahimci girman abin da aka yi mana. Shekara bakwai ke nan muna gina shafukan intanet, kuma mafi yawansu na kamfanoni ne da ke son a ga suna da adireshi a intanet, sai kuma na 'yan takara waɗanda suka yi mana ruwan aiki gabanin zaɓen 2023. Ba na raina waɗannan ayyuka, da su muka biya kuɗin haya, da su wasunmu suka yi aure. Sai dai akasarinsu idan shekara ta zagayo, lokacin sabunta rajistar sunan shafi ya yi, mai shi ba ya ko ɗaukar waya, shafin ya mutu babu wanda ya lura. Wanda ya daɗe yana yin aikin da ya san ba za a buɗe shi ba, sannu a hankali sakaci yana shigarsa ba tare da ya sani ba. Ni kaina na kai matsayin da idan na ga ƙaramin kuskure a shafi nakan ce a bar shi, wa zai gani.

A cikin wannan hali ne Hajiya shugabar ƙungiya ta shigo ofishinmu a watan Agustan 2024, ana tsakiyar damina, da jaka cike da littattafai masu kaurin bango waɗanda ƙungiyar ke rubuta sunayen 'ya'yanta da na masu ba da gudummawar jini a cikinsu. Hajiya, godiyarmu ta farko gare ki ce, kuma a kan sharaɗin da kika gindaya mana ne, wanda a lokacin muka ɗauke shi ɓata lokaci. Kin ce ba za mu taɓa kwamfuta ba sai mun je mun zauna tare da iyaye a ranar ganin likita har sau uku. Mun je, kuma a kan bencin nan muka koyi abin da babu takardar bayanin aiki da za ta koya mana. A nan muka ji cewa jar ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kusan kwana 120, amma ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa ƙarancin jini ba ya rabuwa da su. A nan muka ji cewa sanyin hunturu da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro su ne kan gaba wajen tayar da ciwon. Mun kuma ga yadda uwa take buɗe littafi da tsakar rana tana kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya tana neman mai jini irin na ɗanta, wannan lambar a kashe, wancan ya yi tafiya, wancan kuma bai fi wata guda da bayarwa ba.

Wannan kiran lambobin shi ne ya zama ginshiƙin abin da muka gina. Manhajar tana riƙe da rukunin jinin kowane mai bayarwa da unguwarsa da ranar da ya bayar na ƙarshe, kuma ba ta fito da sunan namiji sai ya cika wata uku, mace kuma wata huɗu, kamar yadda ƙa'idar lafiya ta tanada. Tana kuma fara gabatar da masu AA, wato waɗanda ba su gaji sikila ba ko kaɗan, domin jininsu aka fi so a ƙara wa mai sikila. Muna godiya ga malamar jinya da ma'aikacin ɗakin gwajin jini waɗanda suka riƙa zuwa ofishinmu bayan sun tashi daga aiki suna duba waɗannan ƙa'idoji, ba tare da sun karɓi ko kuɗin mota ba. Sau biyu suna mayar da mu baya a kan abin da muke ganin mun gama, kuma duka biyun su ne da gaskiya.

Tun da wuri muka gane cewa shafin intanet kaɗai ba zai wadatar ba, domin yawancin iyayen ƙaramar waya mai madannai ce a hannunsu, waɗanda ke da babba kuma ba kullum suke da data ba. Saboda haka muka jingina tunatarwar ranar asibiti da ta karɓar magani a kan saƙon tes, muka kuma sayo tsofaffin wayoyi a kasuwar Farm Centre domin mu ga saƙon kamar yadda su za su gan shi. A nan ne muka ci karo da matsalar da ban taɓa zaton za ta hana ni barci ba. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160 idan an rubuta shi da haruffan da tsarin wayar ya saba da su, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga ciki, sai ya koma wani tsari da ba ya wuce harafi 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ninka. Ga shi kuma a farkon 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari, saƙon da ake turawa a naira 4 ya koma naira 6. Mafi sauƙi shi ne mu cire lanƙwasar haruffan kamar yadda kowa ke yi a waya, amma a saƙon da ya shafi lafiya, wanda mata masu juna biyu ma suna cikin masu karɓarsa, tsakanin bari da ɓari akwai nisa.

Wanda ya fitar da mu shi ne wani dattijo, tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya, wanda jikarsa tana cikin 'ya'yan ƙungiyar. Malam ya karɓi saƙonnin gaba ɗaya ya tafi da su gida, bayan kwana huɗu ya dawo da su an sake rubuta kowanne da kalmomin da babu harafi mai lanƙwasa a cikinsu, kuma babu wanda ya yi kama da fassara. Inda muka ce da ƙarfe tara, ya mayar da shi 9 na safe, inda muka ce ɗanki ko 'yarki, ya sa sunan yaron kai tsaye. Malam, mun gode, kuma har yau idan muna rubuta saƙo a ofis sai wani ya tambaya ko zai wuce a gabanka. Haka nan muna godiya ga sakatariyar ƙungiya wadda ta sa muka cire kalmar sikila daga cikin saƙonnin, bayan ta tuna mana cewa a gidaje da yawa waya guda ce ake karɓa-karɓa, kuma akwai budurwar da ba ta so lalurarta ta zama zancen maƙwabta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta mana kiyaye bayanan lafiya, mun kuma karanta ta, amma daga bakin sakatariya muka fahimci abin da ake karewa.

A ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, muna tsakiyar kwashe bayanan littattafan nan zuwa rumbun kwamfuta, ga fetur ya yi tsadar da ba za mu iya kunna janareta yini guda ba. Maƙwabcinmu mai shagon ɗinki, wanda yake da sola, shi ya ja mana waya ta taga, ya rage wa kansa aiki domin kwamfutocinmu uku su samu caji. Alhaji, mun san abin da ka rasa a wannan mako, kuma mun san ka hana a faɗa, to ka yi haƙuri, mun faɗa ba tare da suna ba.

Akwai kuma abin da ya zama wajibi in ambata, ko da yake ambatonsa yana da ɗaci, domin laifinmu ne. A cikin hunturu, lokacin da muke gwajin tsarin da wasu iyalai kaɗan, Allah ya yi wa ɗaya daga cikin yaran rasuwa. Mun tanadi wurin rajista, da wurin sauya lamba, da wurin sauya ranar asibiti, amma babu ɗaya daga cikinmu da ya yi tunanin tanadar wurin da za a nuna cewa yaro ya rasu. Bayan kwana tara, na'ura ta tura wa mahaifiyarsa saƙo da sunansa, tana tuna mata cewa gobe ranar ganin likita ce. Da labarin ya iso mana ofis, ƙaramin cikinmu, wanda shi ya rubuta wannan ɓangare, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Washegari muka je gidan dukkanmu tare da Hajiya domin ta'aziyya da neman gafara. Baiwar Allah nan ta karɓe mu, ta ce ta yafe, sannan ta roƙe mu da mu gyara kafin ya faru ga wata uwar. A daren aka gyara. Yanzu da zarar sakatariya ta shigar da rasuwa, duk wani saƙo da ke kan layi yana tsayawa nan take, kuma mun gwada wannan wuri fiye da kowane wuri a manhajar. Mama, ba mu da abin da za mu biya ki da shi. Allah ya jiƙan yaronki, ya sa mai ceto ne.

Tun daga wannan rana ban sake jin wani a ofishinmu ya ce a bar kuskure wa zai gani ba, kuma abin mamaki, har a ayyukan kamfanonin da muke yi a gefe. Babu dokar da na kafa, babu albashin da na ƙara. Abokan aikina sun ga fuskar wanda ke ƙarshen layin ne kawai, kuma wanda ya taɓa ganinta sau ɗaya yana da wuya ya sake rubuta manhaja kamar babu kowa a can. Biyu daga cikinsu sun je sun yi gwajin jini sun shiga jerin masu bayarwa. Ɗaya kuma, da ya gano shi AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, ya zauna da iyayensa da na wadda yake nema tun kafin magana ta yi nisa, domin ya riga ya ji a bencin asibiti cewa idan AS biyu suka haɗu, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai sikila. Dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a watan Mayun 2024 za ta tilasta masa gwajin daga baya, amma bai jira ta ba. Ina gode muku, ku biyar ɗin nan, musamman wadda ta zauna makonni tana karanta rubutun hannu daban-daban a littattafan da ruwa ya taɓa, tana kiran lambobi domin ta tabbatar da kowanne kafin ta shigar.

Wasu sun tambaye ni ko kyauta muka yi aikin. Ba kyauta ba ne, kuma ina ganin daidai ne da bai zama kyauta ba. Mun rage farashi, ƙungiya kuma ta biya kashi-kashi daga gudummawar 'ya'yanta da ta wasu bayin Allah da suka nemi a sakaya sunansu, ciki har da wanda ya ɗauki nauyin kuɗin ajiye shafin, wanda da dala ake biyansa, a lokacin da dala ta haura naira 1,500. Saboda sun biya ne suka samu bakin ce mana wannan bai yi ba, a sake, kuma da sun ji nauyinmu sun yi shiru, da manhajar ba ta kai haka ba. Muna gode musu a kan kuɗin, muna kuma gode musu a kan tsanantawar.

Godiya ta musamman ga iyalanmu waɗanda suka yi haƙuri da dawowar dare, har a cikin azumi, da kuma matasan da suka tsaya a layi ranar taro suka ba da sunayensu da rukunin jininsu. Muna roƙon duk wanda ya yi rajista, idan ya sauya lamba ko ya bar gari, ya sanar da sakatariya, domin lambar da ba ta shiga tana cinye mintunan da mara lafiya yake buƙata. Aikin bai ƙare ba: za mu ci gaba da kula da manhajar har ƙarshen shekara kamar yadda muka yi alkawari, muna kuma koyar da mutum biyu daga cikin ƙungiyar yadda za su riƙe ta da kansu. Littattafan Hajiya kuwa mun mayar mata da su cikin jakar da suka zo, mun kuma roƙe ta kada ta jefar, saboda ranar da babu wuta ko babu sabis.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa kowa da mafificin alheri. Wassalamu alaikum.