Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Haƙorina a Ƙullin Leda

Makon jiya na tsaya a inda sammaci ya iske Baban Yara a majalisarsu ta bakin masallaci. Tun daga ranar gidanmu bai huta da baƙi ba. Gwaggo ta zo, matar mai unguwa ta zo, har surukata da shekara tara ba ta taɓa taka ƙofarmu ba. Bakinsu ɗaya: “Ki yi haƙuri, aure ibada ne, wace macen ce ba a taɓa mari ba?” Ni dai ina jinsu, harshena na ta komawa gurbin haƙorin da ya fita.

Zaman ƙarshe ya faɗo ranar Litinin. Lahadi da daddare nake ta juyi, Litinin da sassafe muka hau motar 'yan kasuwar Shuwarin zuwa kotu. Inna ce ta ce sai ta raka ni. Na yi mamaki, don Inna ko kasuwa ba ta zuwa. A mota take faɗa min, a hankali, cewa kunnenta na hagu da muka taso muka ga ba ya ji, ba sanƙarau ba ne kamar yadda ake ce mana. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Alƙali dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Ya karɓi takardar asibiti, ya sa na kwance ledar da na ƙulle haƙorin a bakin zane. Baban Yara ya ce shi fa ladabtar da iyalinsa ya yi. Alƙali ya cire tabarau ya ce, “Malam, a wane littafi ka karanta ladabi da taɓarya?” Sai ya karanto ayar Ma'ida mai cewa haƙori da haƙori, ya bayyana cewa diyyar haƙori ɗaya raƙuma 5 ce, kuma a mazhabar Malikiyya idan cutarwa ta tabbata alƙali na iya raba auren ba tare da mace ta mayar da sadaki ba. Ya kuma tuna masa cewa tun 2021 Jigawa ta yi dokar hana cin zarafin mutane. Wallahi ni sai ranar na san duk wannan, da an bar ni da su Gwaggo da khul'i zan nema in sayar da awakina.

Ya tambaye ni sau uku ko na yafe. Yayyensa suka zuba min ido. Inna ta matse min yatsa a ƙarƙashin hijabi. Na ce, “Allah Ya gafarta Malam, ban yafe ba.”

Aka raba auren, aka ɗora masa diyya, da wata 3 a gidan yari.

A gari an yi ta yi da ni, wai na ɗaure uban 'ya'yana. Ko biki na shiga sai a yi tsit. Amma a sati na biyu, bayan isha'i, wata maƙwabciyarmu ta shigo wai aron turmi. Ta zauna a bakin ɗaki, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta ce, “Yaya, takardar nan ta asibiti, nawa ake biya?”

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, ku ji yadda aka ƙare da dangin Baban Yara a kan riƙon yara.